Asfaragus ya rame a lambu: tambayoyi da amsoshi

Asfaragus, wani kayan lambu da ake cin tohonsa, ba shukar ƙasar Hausa ba ce, shi ya sa ko suna ba mu raɗa masa ba. Galibinmu a Turai ko Amurka muka fara ganinsa, an ɗaure shi ƙananan dammuna a kanti, ga tsada. Waɗanda suka samu ɗan fili a bayan gida, ko suka karɓi hayar fangali a lambunan da ƙananan hukumomin Ingila ke ba mazauna gari, sukan ce bari su gwada. Bayan shekara uku ko huɗu sai a fara jin kuka: toho ya sirance, ganye ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, wani tushen ma ya ƙi fitowa sam. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini, kuma yawancinsu ni ma na yi wa wasu lokacin da nawa ya kusa tafiya. Watannin da na ambata na Ingila ne da ƙasashe masu irin yanayinta. Maganar ƙasa mai zafi tana can gaba.

Malam, bara tohon kamar yatsa, bana kamar tsinken tsintsiya. Me ya same shi?

Kafin ka zargi ƙwaro ko cuta, ka fara tambayar wuƙarka. Cikin lambu goma da aka kira ni in duba, mafi yawa mai lambun ne ya cinye shukarsa da hannunsa.

Abin da muke ci, wato tohon nan mai tsini, ba ɗan itace ba ne. Kara ne da bai buɗe ba tukuna. In aka bar shi, zai miƙe ya kai mita ɗaya da rabi, ya baje siraran rassa masu laushi kamar gashi. Waɗannan rassan ne ke shan rana daga Yuni zuwa Oktoba, suna haɗa abinci suna turawa ƙarƙashin ƙasa, inda tushe yake zaune da saiwoyinsa masu kaurin fensir. Saiwoyin nan rumbu ne. Duk tohon da ya fito a Afirilu, da hatsin bara ya fito, domin a lokacin shukar ba ta da ganye ko ɗaya da za ta nemi abinci da shi. Kowane toho da ka yanka, ka ɗebi mudu ne daga rumbun. Tushen zai sake turo wani, ka sake yankewa, ya sake turowa. Ba zai yi maka gardama ba har rumbun ya kai ƙasa, sannan ya fara turo tsinkayen da kake gani.

Mu da muka taso da zogale mun fi kowa faɗawa wannan rami. Zogale ka zage shi tas, ka sare kansa, bayan 'yan makonni ya dawo ya fi da yawa. Sai mutum ya ɗauka kowace shuka haka take, yawan yanka ne ke sa ta toho. Asfaragus ba haka yake ba. Wanda ya ci gaba da yanka har Yuli, iri ya ci.

To yaushe ake fara yanka, yaushe ake ajiye wuƙa?

In tushe ɗan shekara ɗaya ka saya ka dasa, shekara biyu na farko ba ka taɓa komai, ko da tohon ya fito da kauri yana kiran ka. Shekara ta uku, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta ce a yanka na mako shida daga tsakiyar Afirilu. Daga shekara ta huɗu sai mako takwas. In da iri ka fara, ƙara shekara guda a lissafin.

Turawa sun ɗaure abin da kwanan wata don kada kwaɗayi ya ja su. A Ingila al'adar ita ce daga 23 ga Afirilu zuwa 21 ga Yuni. Jamusawa, waɗanda suka fi son farin da ake rufewa da ƙasa don kada ya ga rana, suna rufe kakarsu ran 24 ga Yuni, manomi babba da ƙarami. Hikimar ita ce a bar wa shukar kamar kwana 100 na rana kafin sanyi ya sauka.

Sai dai kalanda ba ta san lambunka ba. Ma'aunin da ya fi shi ne fensir: ranar da ka ga yawancin tohon bai kai kaurin fensir ba, ka daina, ko da mako uku kawai ka yi kana ci.

Nawa ya riga ya rame. Me zan yi bana?

Kada ka yanki ko ɗaya. Duk abin da ya fito, mai kauri da siriri, ka bar shi ya zama ganye. Ka cire ciyawa da hannu, ka sa taki, ka shayar in an yi fari, ka kafa sanduna a kusurwoyin fangalin ka zagaye da igiya hawa biyu don kada iska ta kayar da karan. Wannan na ƙarshen mutane kan raina shi, alhali karan da iska ke jijjigawa yakan karye daga can gindi, ya bar rauni a kan tushe, ruwa da cuta su shiga.

Baɗi ka duba. In tohon ya yi kauri, ka ci na mako biyu ko uku, ka tsaya. In har yanzu siriri ne, ka ƙara masa shekara. Shukar da za ta ciyar da kai shekara 15 zuwa 20, ba asara ba ce ka ba ta hutun biyu.

Wani tushen bai fito ba sam. Ya mutu ne, ko barci yake?

Kada ka yi gaggawa. Toho ba ya motsi sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 10, kuma tushen da aka binne da zurfi, ko wanda ke gefen inuwa, yakan makara. Amma in ƙarshen Mayu ya yi, maƙwabtansa duk sun fito shi shiru, to a tona.

Da hannu ake tonawa, ko da ɗan cokalin lambu, a hankali, daga gefe. Za ka tarar da tushen kamar dunƙulen citta, saiwoyi sun bazu daga jikinsa ta ko'ina. Kama saiwa ɗaya ka matsa. Mai rai tana da tauri, cike take, in ka karya ta cikinta fari ne da ɗan ruwa-ruwa, kuma a saman tushen za ka ga 'yan idanu farare masu tsini. Mataccen kuwa, da ka matsa sai fatar ta lotse kamar bambaron da ya sha ruwa, cikinta fanko, in ka ja sai ta zame ta bar wani zare a tsakiya. Wani lokaci tun kafin ka gani hancinka zai gaya maka.

In ka tsaga tushen da wuƙa ka ga cikinsa ja-ja mai duhu kamar goron da aka fasa ya kwana, wannan alamar cutar Fusarium ce, wani fumfuna da ke zaune a ƙasa yana cin saiwa da tushe. Ba ta da magani a hannun mai lambu. Ciro tushen da ƙasar da ke jikinsa, ka fitar da shi daga lambun, kada ka zuba a ramin taki. Abin lura shi ne cutar ta fi kama shukar da ta riga ta galabaita, wadda aka yanka fiye da kima, ko ƙwari suka zage, ko ruwa ya kwanta mata. Don haka sauran tushen da ke tsaye, hutu da abinci ne kariyarsu.

Ƙasar lambuna laka ce, ruwa na kwanciya da hunturu. Shi ne matsalar?

Zai iya zama shi kaɗai ma. Nan ne ni na sha kashi. Fangalin da aka ba ni yana gangare, ƙasar in ta jiƙe sai ta kama takalmi ta riƙe. Na haƙa rami yadda aka rubuta a jikin ledar, na jera tushe goma sha biyu, na rufe. Ashe kwatami na gina musu: lakar da ke gefe ba ta barin ruwa ya wuce, sai ramin da na cika da ƙasa mai laushi ya zama wurin taruwarsa. Shekara ta biyu bakwai suka fito. Wani dattijo Bature mai fangali kusa da nawa, wanda bai cika magana ba, ya zo da shebur wata safiyar Fabrairu, ya haƙa rami mai zurfin gwiwar hannu a gefen layin, ya ce in dawo gobe. Da na dawo, ramin ya cika rabi da ruwa, kuma ba a yi ruwan sama da daddare ba.

Ka yi wannan gwajin. In ruwa ya kwana a ramin, saiwoyinka a jiƙe suke duk hunturu, kuma saiwa mai nama irin wannan ruɓewa take yi. Ga fangalin da aka riga aka shuka, abin da za a iya shi ne a haƙa magudana a gefe, nesa da saiwa, a ba ruwan hanyar fita. Ga sabon dashe, a ɗaga fangalin sama da ƙasa kamar santimita 30, ko a yi kunya mai faɗi, a gauraya ruɓaɓɓen taki da tsakuwa ƙanana. Asfaragus ɗan jigawa ne. Ba banza ba gonakinsa da suka yi suna, irin na Beelitz kusa da Balin, babban birnin Jamus, suke kan rairayi.

Ganyen ya yi rawaya. Cuta ce?

Ya danganta da wata. A Oktoba ko Nuwamba, rawaya daidai ne: shukar tana kwashe sauran abincin da ke kara tana mayarwa ƙasa. Kada ka sare yana kore don kawai lambu ya yi tsaf. Jira ya zama ruwan ƙasa, sannan ka yanke ka bar kamar santimita 3 zuwa 5.

A Yuli ko Agusta kuwa akwai magana. Duba karan da kyau. In ka ga ƙuraje masu launin lemo, ka shafa hoda ta manne a yatsa, cutar tsatsa ce. Gaba kaɗan ƙurajen za su koma baƙi, kuma a jikin busasshen kara take kwana har baɗi. In ɓawon karan ne aka kankare ya yi fari-fari, ƙwaro ne, ga bayaninsa a gaba. In kara ɗaya ko biyu ne suka yi rawaya suka yanƙwane alhali sauran na kore, koma ka duba tushe. In kuma duk fangalin ne ya koɗe baki ɗaya, yunwa ce ko ƙishirwa.

Ga tsatsa, da ɗigon shunayya da kan fito a jikin toho lokacin damshi, aikin ɗaya ne: iska ta riƙa ratsa shukar, a shayar ta gindi ba ta kan ganye ba, sannan da kaka a kwashe busasshen karan kaf a fitar. Tohon da ke da ɗigon shunayya ana cin sa, muni kawai ya yi.

Ga wani ƙwaro mai kyan gani a jikin rassan. Shi ne ke ci?

In tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wuyansa ja, bayansa baƙi da ɗigo shida masu launin madara, shi ne. Milimita 6 zuwa 8 ne kawai, amma shi da 'ya'yansa suna iya tuɓe fangali guda. Ƙwansa baƙaƙe ne, a tsaye suke a jere a jikin toho kamar an kafa ƙananan ƙusoshi. Tsutsarsa toka-toka ce, mai ƙiba, ita ce ta fi ɓarna, domin tana cin ganyen ta kuma kankare ɓawon kara, duk abin da ke sama da wurin ya bushe. Daga Mayu zuwa Satumba ake fama da su.

A lambun gida ban ga dalilin feshi ba, balle ƙudan zuma na son furen asfaragus. Hannu ya isa. Ƙwaron yana da wata dabara: da ya ji motsi sai ya zagaya bayan kara, ko ya saki jiki ya faɗo ƙasa. To sai ka riga shi. Da sassafe, kafin rana ta ɗumama shi, ka riƙe kwano da ruwan sabulu a ƙarƙashin reshen, ka ɗan girgiza. Ƙwan ka murje da yatsa, tsutsar ka tsince. Kwana biyu-biyu na 'yan makonni, za ka ga bambanci. Yarana sun mai da shi gasa, da kuɗin alawa a kan kowane goma, har sai da na gane ana kawo mini na fangalin maƙwabta.

Da hunturu a cikin tsofaffin kara da tarkacen ganye yake ɓuya, wani dalilin ke nan na share fangali da kaka.

Tohon na fitowa a lanƙwashe, wani kuma an cicciye kansa.

Lanƙwasa daga rauni ne. Gefen da aka ji wa ciwo yakan daina girma, ɗayan ya ci gaba, sai tohon ya karkata. Dutse ne, ko cizon ƙwaro, ko iska mai ƙarfi, ko kuma bakin wuƙarka lokacin da kake yankan na kusa da shi. Cizon da ke kai, musamman in da sawun yauƙi mai sheƙi, na dodon koɗi ne da ɗan'uwansa mara ɓawo. Fita da tocila da daddare ka tsince su. Wanda ya wayi gari ya yi laushi ya yi duhu bayan dare mai tsananin sanyi, raɓa ce ta daskare a kansa. Yanke shi ka yar, wani zai fito.

Ciyawa ta cinye fangalin. In sa fartanya? An kuma ce mini gishiri na kashe ta.

Fartanya a'a. Idanun tushen suna kusa da sama, kuma kowace shekara tushen ƙara hawowa yake yi, har tsohon fangali kan buƙaci a ƙara masa ƙasa santimita kaɗan. Sara ɗaya za ka fille idanun da ba ka gani ba. Hannu za a sa, bayan ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Masu wuyar su ne ciyayi masu saiwa mai yaɗo irin halin kiri-kiri, waɗanda in ka bar guntu sai ya tashi. Su sai naci: duk fitowa a cire, sannan a rufe fangalin da ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 ko fiye. In sun riga sun saƙa kansu cikin tushen, gaskiya sabon fangali ya fi sauƙi.

Maganar gishiri tsohuwar dabara ce, kuma tana da tushe: asfaragus na jure gishiri fiye da yawancin kayan lambu. Amma jurewa ba so ba ne. Gishiri na ɓata ƙasa, ruwa kuma ya ɗauke shi ya kai wa latas da albasar da ke gefe. Ni ba na sa wa.

Wane taki, kuma nawa?

Ruɓaɓɓen takin dabbobi a shimfiɗa a sama a ƙarshen hunturu, ba ɗanye ba. Na zamani kuma, a Ingila ana amfani da wani takin NPK mai suna Growmore, mai 7-7-7, giram 100 a kowace murabba'in mita a farkon Maris. In 15-15-15 ne a hannunka, rabin haka ya isa. Ga shukar da ake jinya, a ƙara wani bayan an daina yanka, domin lokacin ne take gina ganye. A auna da sikeli sau ɗaya a ga yawansa a tafin hannu, don ido na ƙarya.

In ka yi duk wannan ba ka ga canji ba, gwada tsamin ƙasar. Asfaragus na son awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 6.5 da 7.5. Kayan gwajin ba su da tsada a shagunan lambu. In ƙasar ta yi tsami, a sa garin farar ƙasa na lambu da kaka. Tokar itace ma na taimakawa in ba a cika ba.

Wasu sun yi jajayen 'ya'ya. Ana ci?

A'a, Hajiya, kuma a hana yara, suna ɓata ciki. Asfaragus akwai mace akwai namiji, macen ce ke 'ya'ya. Ƙarfin da ta sa a 'ya'yan yana rage mata toho, sannan in sun zuba sai ƙananan tsiro su cika fangalin su matse manya. A cire su tun suna ƙanana. Shi ya sa yanzu aka fi sayar da irin da kusan duka maza ne, kamar Gijnlim na Holan, da Jersey Knight na Amurka, da Guelph Millennium na Kanada. Tsofaffin iri kamar Connover's Colossal da Mary Washington gauraye suke.

In ciro tsofaffin in mayar wani wuri, ko in sayi sababbi in sa a gurbinsu?

Duka biyun ban ba da shawara ba. Tushen da ya shekara biyar saiwarsa ta yi nisa, ba ka ciro shi ba tare da ka datse rabin rumbunsa ba, kuma bayan wahalar sai ka sake jira shekara biyu. Da wannan jiran gara sabon tushe mai lafiya. Shi kuma sabon kada ya shiga inda tsoho ya mutu: Fusarium na daɗewa a ƙasa, kuma ragowar tsofaffin saiwoyi na fitar da abin da ke hana sabon dashe girma. Nemi wuri dabam mai rana. Rami faɗin santimita 30, zurfin 20, a yi 'yar kunya a tsakiya, a ɗora tushen a baza saiwoyin gefe da gefe, tazarar 30 zuwa 45 tsakaninsu, a Maris ko farkon Afirilu. Ka dasa ranar da suka iso. Na taɓa sayen na rangwame a wani kanti, sun bushe a leda kamar kilishi, ko ɗaya bai tashi ba.

Yaya, ina so in kai irin gida. Zai yi a ƙasarmu, tunda ba mu da irin wancan hunturun?

Abin da shukar ke buƙata hutu ne, kuma ba sanyi kaɗai ke kawo shi ba, fari ma na kawowa. Peru na cikin manyan masu fitar da asfaragus a duniya, kuma a hamadar bakin teku suke noma shi, wajen Ica da La Libertad, da ban-ruwa. Sukan bar ganye ya girma ya cika tushe, su janye ruwa, su sare karan, sannan su sake sakin ruwa, toho ya fito. A Taiwan da Tailan kuma wata hanya ake bi: a bar kara uku zuwa biyar a tsaye a kan kowane tushe suna ciyar da shi, a riƙa yankan sababbin da ke fitowa a gefensu. Irin UC 157, wanda aka samar a Jami'ar Kalifoniya, shi aka fi shukawa a wurare masu ɗumi.

A wajenmu inda ya fi dacewa a gwada shi ne tudu mai sanyi, kamar Jos da ke sama da mita 1,200, inda dankalin Turawa da kabeji suke yi, ko Mambila. Iri za ka kai, ba tushe ba. Abokin gabarka a can damina ce: ruwan Yuli da Agusta zai ruɓar da tushen da ba a ɗora kan kunya mai tsayi ba, kuma damshi na kawo cututtukan ganye. Lokacin hunturu ka janye ruwa na wasu makonni, ka sare busasshen kara, ka sa taki, ka shayar. A zafin Kano ko Maraɗi na watan Afirilu kan tohon yakan buɗe tun bai kai tsawon yanka ba, ya yi zare, kuma shukar ba ta kai shekarun da take kaiwa a Turai.

In ka shiga daji a ƙasar Hausa za ka iya cin karo da danginsa na jeji, wani ɗan tsiro mai siraran ganye da ƙayoyi masu kama riga, wanda ake kira ƙayar ɓera. Ka dubi sabon tohonsa da farkon damina, za ka gane kamannin nan take.